Taura Biyu a Baki Ɗaya: Wasan Besbol da Amanar Karatu a Jami'o'in Amurka

A ranar 6 ga watan Yuni na shekarar 2025, mai shari'a Claudia Wilken ta wata kotun tarayya da ke jihar Kalifoniya ta amince da sulhun da ya kawo ƙarshen ƙarar nan da aka fi sani da sunan House, wadda wasu 'yan wasan jami'o'i suka shigar a kan NCAA, hukumar da ke kula da wasannin manyan makarantu a Amurka. Sulhun ya tanadi biyan diyyar kimanin dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, ya kuma ba kowace jami'ar da ta shiga tsarin damar raba wa 'yan wasanta kuɗin da ya kai dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Mafi yawan masu sharhi sun karkata ne ga ƙwallon ƙafa irin na Amurka da ƙwallon kwando, domin a can kuɗi suke. Amma wanda ke son ganin yadda jami'a ke riƙon amanar ɗalibinta, zai fi samun abin dubawa a ƙungiyar besbol, wasan da ba ya kawo riba a yawancin makarantu, ga shi kuma yana cin lokacin ɗalibi ƙwarai.

Besbol wasa ne na ƙungiyoyi biyu masu mutum tara-tara a fili: majefi yana jefo ƙwallo da ƙarfi, mai bugu yana ƙoƙarin dukanta da kulki, sannan ya zagaya tashoshi huɗu ya ci maki. Hannun majefi ba ya jure aiki kullum, saboda haka kowace ƙungiya tana buƙatar majefa da yawa, jerin 'yan wasanta kuma yakan haura talatin. Abubuwa huɗu ake dubawa idan za a yi wa irin wannan ƙungiya hukunci: jerin 'yan wasa, masu horarwa, kuɗi da kuma karatu. A zahiri ukun farko ne ke juya na huɗun. Matsayin wannan maƙala shi ne ya kamata a juya lamarin, ta yadda digirin da yaro ya fita da shi zai zama ma'aunin farko na nasarar ƙungiya, domin kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Jerin 'yan wasa

Fiye da shekara talatin, tun farkon shekarun 1990, dokar NCAA ta taƙaita tallafin karatun da ƙungiyar besbol ta rukunin farko za ta iya bayarwa zuwa gurbi 11.7. Bayan gyare-gyaren da suka fara aiki wajen shekarar 2008, an ƙayyade jerin 'yan wasa a kan 35, waɗanda za su ci tallafin kuma kada su wuce 27, kowannensu a ba shi aƙalla kashi 25 cikin ɗari na kuɗin makaranta. Idan aka raba 11.7 a tsakanin mutum 27, rabon kowa bai kai rabin gurbi ba. Ma'anar wannan ita ce iyaye ne suka riƙa ɗauke da mafi yawan nauyin wasan, wasu da kuɗin aljihunsu, wasu da bashin karatu. Yaron da gidansu ba shi da hali kuwa, idan yana da baiwar wasanni biyu, hankali zai ba shi ya bi ƙwallon ƙafa ko kwando, inda ake ba da cikakken gurbi.

Wannan doka ba ta daidaita jami'o'i ba kamar yadda aka yi zato. Jami'ar Vanderbilt, mai zaman kanta, da ke birnin Nashville na jihar Tennessee, ta ɓullo da wani shiri wajen shekarar 2008 wanda ke biya wa duk ɗalibin da ta ɗauka gwargwadon buƙatarsa ba tare da bashi ba. Abokan hamayyarta sun daɗe suna ƙorafin cewa shirin ya ba ƙungiyarta ta besbol wata ƙofa ta kauce wa iyakar 11.7. Ko da ƙorafin yana da kamshin gaskiya, abin da ya tona shi ne aibin dokar kanta: an wayi gari ana zargin jami'a saboda ta sauƙaƙa wa talaka karatu.

Sulhun 2025 ya soke iyakar tallafin, ya maye gurbinta da iyakar jeri: mutum 34 ga jami'o'in da suka shiga tsarin, kuma ana iya ba dukansu cikakken tallafi. A fuska wannan ci gaba ne, amma yana da wanda ya taka. A shekarun da suka biyo bayan annobar korona an sassauta jerin har ya kai 40, saboda haka komawa 34 na nufin sallamar wasu. Waɗanda abin ya fi shafa su ne ɗaliban da suka shiga ƙungiya ba tare da tallafi ba, suna biyan kuɗin makarantarsu da kansu, wato waɗanda suka fi kowa kama da ɗalibi na gaske. Sai da mai shari'ar ta ƙi sa hannu a watan Afrilu, sannan aka gyara sulhun ta yadda jami'a za ta iya barin waɗanda aka riga aka yi wa alƙawari ba tare da sun shiga lissafi ba. An ba ta zaɓi ne, ba a tilasta mata ba. Haka kuma izinin ba mutum 34 cikakken tallafi ba ya sanya kuɗin a asusun kowa. Jami'o'in kudu masu arziki za su iya, ƙanana kuwa da dama ko 11.7 ɗin ba su kasance suna cikawa ba.

Masu horarwa

Babu wanda ke musun tasirin koci. Tim Corbin ya karɓi ƙungiyar Vanderbilt a kakar 2003, lokacin da rabonta da shiga gasar ƙasa tun 1980. A 2004 ya mayar da ita, a 2011 ya kai ta zagayen ƙarshe da ake yi a birnin Omaha na jihar Nebraska, inda ƙungiyoyi takwas daga cikin 64 ke haɗuwa, sannan ya ci kofi a 2014 da 2019. Daga hannunsa David Price da Dansby Swanson suka fito, kowannensu shi ne na farko da aka ɗauka a zaɓen ƙwararru na shekararsa, 2007 da 2015. Abin lura a tarihin nan shi ne zama wuri ɗaya. Kocin da ya haura shekara ashirin a makaranta guda ya san malamanta da tsarin jarrabawarta, ya kuma san cewa yaron da ya yasar yau zai iya cin karo da shi gobe.

Kasuwar masu horarwa kuwa ba zaman take so ba. A watan Yunin 2024, Jim Schlossnagle ya kai ƙungiyar Texas A&M wasan ƙarshe, Tennessee ta doke ta, washegari aka sanar da komawarsa Jami'ar Texas, babbar abokiyar hamayyarta. Tony Vitello da ya ci wancan kofi ya sami sabuwar kwangila ta kimanin dala miliyan 3 a shekara, amma a watan Oktoban 2025 ya tafi ya zama manajan ƙungiyar ƙwararru ta San Francisco Giants. Babu laifi mutum ya nemi ci gabansa. Abin tambaya shi ne makomar yaran da suka zaɓi makaranta saboda shi, musamman da yake daga 2008 har zuwa 2021 ɗan besbol da ya sauya jami'a sai ya zauna shekara guda bai buga wasa ba, alhali koci yana tashi a dare ɗaya.

A ƙarƙashin waɗannan manyan albashi akwai wani abin kunya da aka daɗe ana rufewa. Har zuwa watan Yulin 2023, dokar NCAA ta yarda a biya babban koci da mataimaka biyu ne kawai, na ukun kuma a kira shi ɗan sa-kai, yana aiki cikakke ba albashi daga jami'a. An kawo shawarar gyara wannan a 2019, aka yi watsi da ita. Sai da waɗannan mataimaka suka kai ƙara, aka yi sulhu da su a kan sama da dala miliyan 49. Tsarin da ya iya biyan mutum ɗaya miliyoyi, ya kuma hana wanda ke kwana a fili tare da yara ko sisi, bai kamata a karɓi kukansa na rashin kuɗi ba tare da bincike ba.

Kuɗi

A yawancin jami'o'i kimanin 300 da ke buga besbol a rukunin farko, wasan yana cin kuɗi fiye da abin da yake kawowa. Kaka tana farawa a tsakiyar watan Fabrairu, lokacin da ƙanƙara ke rufe filayen arewa, saboda haka ƙungiyoyin can sukan shafe makonnin farko suna tafiya kudu, ga kuɗin jirgi da masauki, ga darussan da aka bari a baya. Tun bayan Ohio State a 1966, babu wata daga cikin tsoffin jami'o'in rukunin Big Ten da ta sake cin kofin ƙasa, Jami'ar Wisconsin ma ta soke wasan gaba ɗaya a 1991.

Labarin Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya isa darasi. A watan Satumban 2010, shugabanta Robert Birgeneau ya sanar da cewa za a soke besbol tare da wasu wasanni domin rage kimanin dala miliyan 4 a shekara. Ƙungiyar da ake magana a kai ita ce ta ci kofin ƙasa na farko a 1947, ta sake ci a 1957. Tsoffin ɗalibai da magoya baya suka tashi, suka yi alƙawarin kimanin dala miliyan 9, aka janye hukuncin a watan Afrilun 2011, kuma a wannan kakar ce ƙungiyar ta kai Omaha a ƙarƙashin David Esquer. Ana yawan ba da labarin a matsayin abin alfahari, kuma ya cancanta. Sai dai a bayansa akwai yaran da suka shafe wata shida ba su san ko za su ƙarasa karatu a inda suka fara ba, har wasu suka riga suka nemi wata makaranta. A 2020 irin haka ta faru da Bowling Green ta jihar Ohio, wadda ta soke wasan a watan Mayu, ta dawo da shi a watan Yuni bayan an yi alƙawarin dala miliyan 1.5 cikin shekara uku. Jami'ar Furman ta soke nata a wancan watan na Mayu, ba a kuma sami mai ceto ba.

Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne rayuwar ƙungiya ta rataya ne a kan aljihun masu ba da gudummawa, mai ba da gudummawa kuwa nasara a fili yake son gani. Sabon tsarin raba kuɗi bai sassauta wannan ba, domin jami'o'i da dama sun ware wa ƙwallon ƙafa kusan kashi uku cikin huɗu na rabon. Ƙungiyar besbol da ke son rabo mai tsoka dole ta ci wasa yanzu, kuma hanya mafi sauri ta cin wasa yanzu ita ce ɗauko yaran da wasu suka rena. Jami'ar LSU ta jihar Luwiziyana ta nuna yadda ake yi: ta ɗauko Paul Skenes daga makarantar sojan sama, ta ci kofi da shi a 2023, aka ɗauke shi na farko a zaɓen ƙwararru da ladan sa hannu na dala miliyan 9.2. Ga Skenes sauyin ya yi kyau. Ga yaron da aka ture daga jeri domin a ba baƙo wuri kuwa, babu mai buga labarinsa.

Karatu

Tun 2004 NCAA take auna karatun kowace ƙungiya da wani ma'auni da ake kira APR. A kowane zangon karatu, ɗan wasan da ke cin tallafi yana kawo maki ɗaya idan ya cika sharuɗɗan karatu, da wani maki ɗaya idan ya ci gaba da zama a makarantar ko ya kammala. Ana raba makin da aka samu da wanda ake iya samu, a ninka da dubu. Ƙungiyar da matsakaicinta na shekara huɗu ya gaza 930 tana iya rasa damar shiga gasar ƙasa. A shekarun farko sakamakon besbol ya yi ƙasa, shi ya sa aka yi gyare-gyaren 2008, kuma alƙaluman sun tashi bayansu. Wannan nasara ce da ya kamata a yaba.

Duk da haka, wajibi ne a san abin da ma'aunin ke gani da abin da yake rufe ido a kai. Ƙungiya mai mutum 27 a kan tallafi tana da maki 108 a shekara, tana iya zubar da bakwai ta tsira. Hukumar da kanta ta bayyana cewa 930 yana daidai ne da kammalawar kusan rabin ɗalibai. Ɗan wasan da ya tafi ƙwararru alhali karatunsa na tafiya daidai, ba a cire wa ƙungiya maki saboda shi, ko da bai dawo ya ƙarasa ba har abada. Wanda ba ya cin tallafi kuwa ba ya cikin lissafin tun farko. Uwa uba, ma'aunin ba ya tambayar abin da aka karanta. Rahoton Kenneth Wainstein na 2014 ya gano cewa a Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill, ɗalibai sama da 3,000, kusan rabinsu 'yan wasa, sun bi ta wasu kwasa-kwasan da babu darasi a cikinsu tsawon shekara 18. A 2017 NCAA ta ce ba ta da hurumin hukunta jami'ar a kan ingancin kwasa-kwasan. Ba besbol ne jigon wancan al'amari ba, amma darasinsa ya shafi kowane wasa: ana iya cika sharaɗi a takarda ba tare da ilimi ya shiga kai ba.

Sai kuma batun lokaci. Doka ta yarda a buga wasa 56 kafin gasar ƙasa, galibi uku a ƙarshen mako, ɗaya a tsakiya, duk a cikin zangon karatu. Iyakar awa 20 a mako da aka sanya wa atisaye da wasa ba ta ƙirga tafiya ba. Da hutun bazara ya zo kuma, da yawa sukan tafi gasannin bazara domin masu farautar 'yan wasa su gan su. A ƙarshen shekara ta uku, ko idan yaro ya cika shekara 21, ƙungiyoyin ƙwararru na MLB suna iya ɗaukarsa, saura shekara guda ya karɓi digiri. Tun 2021 zaɓen ya ragu daga zagaye 40 zuwa 20, wato mutum ɗari shida da 'yan kai a shekara, har da 'yan sakandare, an kuma rage ƙananan ƙungiyoyin renon ƙwararru daga 160 zuwa 120. A ɗaya ɓangaren kuwa akwai 'yan wasa kusan dubu goma a rukunin farko kaɗai. Mafi yawansu da takardar shaida za su nemi abinci, ba da kulki ba.

Hujjar masu adawa

Masu kare tsarin suna da magana mai nauyi. Sukan ce waɗannan samari manya ne, sun san abin da suka zaɓa, kuma 'yancin sauya makaranta da na samun kuɗi da sunansu, wanda ya fara a watan Yulin 2021 jim kaɗan bayan hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Alston, haƙƙi ne da aka daɗe ana tauye musu. Gaskiya ne, kuma babu mai hankali da zai nemi a koma zamanin da koci ke tafiya yaro na ɗaure. Amma 'yancin tafiya ba ya sauke wa jami'a nauyi. Ɗalibin da ya sauya makaranta sau biyu yakan tarar ba a karɓi wasu daga cikin kwasa-kwasansa ba, ko a karkata shi zuwa fannin da ya fi sauƙin cika sharaɗi. Sau da yawa kuma tafiyar ba zaɓinsa ba ce: ko da doka ta hana a janye tallafi saboda rashin ƙwazo a fili, ya isa koci ya kira yaro ofis ya gaya masa cewa ba zai buga wasa baɗi ba.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, gurbin karatu ya rabu da gurbin wasa a aikace. Duk wanda jami'a ta ɗauka, ko tallafinsa cikakke ne ko gutsure, ta ci gaba da biyan abin da ta yi alƙawari har ya kammala, ko da an cire shi daga jeri, ko ya tafi ƙwararru ya dawo bayan shekaru. Na biyu, kowace jami'a ta riƙa wallafa makomar duk wanda ya taɓa sanya rigar ƙungiyarta: nawa suka karɓi digiri a can, nawa a wata makaranta, nawa suka tafi hannu rabbana, kuma a waɗanne fannoni. Na uku, wani kaso mai tsoka na ladan koci ya dogara da wannan sakamako, ba ɗan abin da ake liƙawa a ƙarshen kwangila domin fita kunya ba. Na huɗu, majalisar malamai ta sami ta cewa a kan jadawalin wasannin tsakiyar mako. A 2003 shugaban Vanderbilt na lokacin, Gordon Gee, ya rushe sashen wasanni a matsayin hukuma mai cin gashin kanta, ya haɗe shi da sashen harkokin ɗalibai. An yi masa dariya a lokacin, amma ƙungiyar besbol ta jami'ar ba ta durƙushe ba, a shekarun da suka biyo baya ne ma ta yi tashe.

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa. Jami'o'in Amurka su ne suka ɗauki alƙawarin cewa yaro zai iya tauna wasa da karatu a lokaci ɗaya, da wannan alƙawari suke shiga gidajen iyaye, da shi kuma suke kare matsayinsu na cibiyoyin ilimi. Idan ɗaya daga cikin taurar za ta faɗi, bai dace a bar kasuwa ta zaɓi wadda za ta faɗi ba. Ƙungiyar da ta ɗaga kofi a Omaha, amma ta kasa faɗin inda yaranta 34 suka ƙare bayan shekara shida, ba ta gama ba da bayanin kakarta ba.